Dutse, Turmi da Inji: Tarihin Niƙa a Ƙasar Ruma

Niƙa ita ce aikin da ke tsakanin rumbu da tukunya, kuma a ƙasar Ruma, wato yankin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, an daɗe ana yin ta da ƙarfin hannu kafin inji ya iso. Ƙasa ce ta gero da dawa da maiwa, mai manyan duwatsu jefi-jefi, dajin Rugu kuma na yamma da ita. Dutsen ya ba mutane abin niƙa, dajin ya ba su icen turmi da taɓarya. Abin da ƙasar ba ta ba su ba shi ne ruwa mai gudu shekara zagaye, wanda a wasu sassan duniya shi ya ɗauke wa mata wannan wahala tun shekaru dubu biyu da suka wuce.

Dutsen niƙa guda biyu ne: uwa, mai faɗi, wadda ake kafawa a ɗan karkace, da ɗan dutse wanda mace ke riƙewa da hannu biyu tana turawa tana jawowa, tana durƙushe, gari na zuba a faifai ko ƙwarya. Ya girmi tarihin da aka rubuta. A kan duwatsun da mutanen dauri suka zauna, irin su Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, har yau ana ganin ramuka masu santsi da hannayen masu niƙa suka bari a jikin fa. Ba kowane dutse ke niƙa ba. Ana neman mai tauri, mai kaushi, wanda ba ya marmashewa ya cika gari da tsakuwa. In ya yi aiki ya sulɓe, sai a koɗa shi: a riƙa ƙwanƙwasa fuskarsa da makoɗi a hankali har kaushin ya dawo. Koɗa gwaninta ce. Wanda ya cika ƙarfi zai fasa dutsen, wanda ya yi sako-sako kuma zai bar shi yana zame wa hatsi. Dutsen da ake kula da shi haka yakan wuce daga uwa zuwa 'ya, har tsakiyarsa ta lotsa.

Amma kafin hatsi ya kai ga dutse, ya sha turmi. Bayan sussuka da shiƙa, sai a yayyafa masa ruwa a surfa, a bakace dusa, a wanke, a shanya ya sha iska. Daga nan ko dai a ɓarza shi a dutse a sake niƙawa ya yi laushi, ko a dake shi a turmi ana tankaɗewa da rariya, ana mayar da tsaki ana ribɗawa, har ya ƙare. Babu abin da ke tafiya a banza: dusa ta dabbobi ce, ƙasari ma haka, tsaki kuma na kaji ne ko na fate. Masassaƙa kan fi son icen ƙirya saboda taurinsa. Mata biyu ko uku kan haɗu a turmi guda suna lugude, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, kuma waƙoƙin daka da na niƙa sun zama wani reshe na adabin baka, inda mace ke faɗin abin da ke ranta game da kishiya da miji da uwar miji. Daɗin waƙar bai kamata ya rufe gaskiyar aikin ba. Yana cin sa'o'i kowace rana, yana bar wa mace kanta a hannu da ciwon baya, kuma ba a iya tara shi a yi gaba ɗaya, domin garin gero ba ya jure ajiya; kwana kaɗan sai ya canja ɗanɗano.

A ƙasashen da koguna ba sa ƙafewa, an ɗora wannan aiki a kan ruwa. Akan tare rafi, a ja shi ta magudana zuwa wata babbar ƙafa ta katako mai fukafukai; ruwa ya buge ta ta juya, ita kuma ta juya wani faffaɗan dutse mai da'ira a kan ɗan'uwansa, hatsi na shiga ta rami a tsakiya, gari na fita ta gefe. Wani magini ɗan Rum mai suna Vitruvius ya bayyana irin wannan na'ura tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa. A Barbegal, kusa da Arles a kudancin Faransa, mutanen Rum sun jera ƙafafu 16 a gangaren tsauni guda. Ƙidayar da aka yi a Ingila a 1086 ta lissafa irin waɗannan maniƙa fiye da 5,000. Ƙasashen Musulmi ma sun yi nisa a wannan fanni: maniƙan ruwa na Shushtar a Iran sun shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2009, kuma a tsaunukan Atlas na Maroko akwai ƙauyukan da har yanzu ruwa ke yi musu niƙa.

Fatake da mahajjatan ƙasar Hausa sun ratsa Arewacin Afirka da Masar ɗaruruwan shekaru, saboda haka ba za a ce rashin gani ne ya hana a yi irin waɗannan maniƙa a nan ba. Dalilin yana ƙasa. Gulaben yammacin Katsina, kamar Gada da Bunsuru, na damina ne: su cika su tumbatsa daga Yuli zuwa Satumba, sannan su koma rairayi, sai an yi tono a samu ruwa. Wato suna tsayawa daidai lokacin da amfanin gona ke shigowa gida. Ko a cikin daminar, ruwan kan zo da ƙarfi a yini guda, ɗauke da yashi, wanda zai cike magudana ko ya yi gaba da ƙafar. Sannan alkama, wadda maniƙan ruwa suka fi dacewa da ita, a bushe ake niƙa ta, alhali gero da dawa sai an surfa su da danshi. Madatsun ruwa na zamani, irin su Zobe a Dutsin-Ma da na Jibiya, sun zo ne bayan inji ya riga ya kafu, kuma don ban-ruwa da ruwan sha aka gina su.

Haka ƙasar Ruma ta tsallaka daga hannu zuwa mai kai tsaye. Injin da ya fi suna shi ne Lister, ƙirar wani kamfani na garin Dursley a Ingila, mai tafiya a hankali da man dizal, wanda ruwan ganga ke sanyaya shi; daga baya aka riƙa shigo da makamantansa daga Indiya, sai kuma ƙananan injinan fetur na China da ake markaɗe da su. Injin na juya bel, bel na juya faranti biyu na ƙarfe masu zane, hatsi na bi ta tsakaninsu. Da farko a garuruwan kasuwa ake samunsa, sannu a hankali ya shiga ƙauyuka. Ya canja tsarin yini. Matan aure da ke cikin kulle suna aika yara da kwano da kuɗin niƙa, layin kwanoni ya zama agogon unguwa, lokacin da ya rage kuma ya koma ga sana'o'in cikin gida: ƙuli-ƙuli, ƙosai, fura, awara. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk mai kewar zamanin dutse ya kamata ya tambayi wadda ta durƙusa a gabansa. Duk da haka masu fura da yawa sun tsaya kan cewa geron da aka daka a turmi ya fi ƙamshi.

Inji ma yana da tasa koɗar. Zanen faranti kan cinye, sai a cire a kai a wasa, kuma ƙarfen da ya cinye cikin gari yake shiga, musamman in farantin mai arha ne ko an matse shi da yawa. Shi ya sa mai inji na kirki kan fara zuba dusa ko ɗan hatsi bayan wasa, ya zubar, kafin ya karɓi niƙan mutane.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna raunin dogaro da mai. Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa. A 2021 gwamnatin Katsina, cikin matakan tsaro, ta hana sayar da fetur a jarka, alhali a jarka mai injin ƙauye ke kai mansa gida. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin niƙa ya tashi tare da komai. Gidan da bai jefar da turminsa da dutsensa ba, shi ya fi samun sauƙi a irin wannan hali. Matsalar ita ce masu iya zaɓen dutse da koɗa shi suna raguwa, icen ƙirya ya yi wuya, shiga daji kuma ya zama kasada.

A Turai, inda ake farfaɗo da tsofaffin maniƙan ruwa, aikin ya ƙunshi yashe magudana, sake ƙafar da ta ruɓe, da neman wanda ya iya sassaƙa fuskar dutse, kuma wannan na ƙarshe shi ya fi wuyar samu. A Nepal ba don tarihi kaɗai ake gyaran ba: an musanya fukafukan katako da na ƙarfe, maniƙar ta ƙara sauri, wasu har suna ba ƙauye lantarki. Ƙasar Ruma ba ta da ruwan da za ta yi haka da shi, amma tana da rana. An fara gwada injinan niƙa masu aiki da hasken rana a wasu ƙasashen Afirka; tsadarsu a wajen saye take, kuma ba su kai na man dizal ƙarfi ba, sai dai niƙan ƙauye aikin rana ne, kuma kwano-kwano yake zuwa.