A Ina Za Mu Kama Haya? Shawara Ga Mai Zuwa Aiki Abuja

Ranar da takardar kama aiki ta iso gida rana ce ta murna. Maƙwabta su shigo yin barka, uwargida ta ɗora tukunya, yara su bi unguwa suna shelar cewa za su koma Abuja. Amma sa'ad da aka watse, sai maigida ya zauna shiru da wata tambaya wadda takardar ba ta amsa ba: a ina za mu zauna?

Abin da ya sami wani ɗan'uwanmu ne ya sa mu ka ga ya kamata mu yi magana a kan wannan. Ya sami aiki a wani ofis da ke kan hanyar filin jirgin sama. Wata Asabar da rana dillali ya kai shi Masaka, ya nuna masa ciki da falo, sabon gini, ga araha. Hanya kuwa fayau. Nan take ya biya kuɗin shekara, ya koma ya kwaso iyali. Ran Litinin ne ya gane cewa kowace safiya sai ya ratsa Mararaba da Nyanya, ya ƙetare birnin ɗungum, kafin ya isa wurin aiki. Ya kan fita ƙarfe 5 na asuba, ya dawo bayan 9 na dare. Yara suna barci ya fita, suna barci ya dawo. Da mu ka gamu ya ce, "Malam, gidan bai ci kuɗina ba, hanya ce ta cinye ni."

YADDA GARIN YA KE

A shekarar 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka kuma ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Unguwannin da aka fara ginawa, watau Garki, Wuse, Maitama da Asokoro, su ne ke kusa da manyan ofisoshi, hayarsu kuwa ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka yawancin masu aiki a birnin a wajensa su ke kwana, kuma ta manyan hanyoyi uku su ke shigowa.

Ta farko ita ce hanyar Keffi, daga gabas. A kanta a ke samun Nyanya da Karu, sa'an nan Mararaba da Masaka, waɗanda ke cikin Jihar Nasarawa. Ta biyu ita ce hanyar Kubwa, wadda ta bi ta Gwarimpa da Dutsen Alhaji da Dei-Dei har Zuba, daga nan sai Madalla da Suleja a Jihar Neja. Ta uku ita ce hanyar filin jirgin sama, inda Lugbe ta ke, ita ce kuma ke kai mutum Kuje da Gwagwalada.

Abu na fari ke nan da za ka tambaya: a kan wace hanya wurin aikina ya ke? Ba kowane aikin Abuja ne ke tsakiyar birni ba. Hedkwatar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi a Bwari su ke. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana Gwagwalada, masana'antu da yawa kuma suna Idu. Wanda ya kama gida a kan hanyar da aikinsa ya ke ya rage rabin wahala. Wanda kuwa sai ya ratsa birni daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaukar wa kansa kaya na shekara guda, gama haya a nan ta shekara a ke biya, wani mai gidan ma ya nemi ta shekara biyu.

ARAHA BA TA ADO

Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba. A cikin 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja, kuɗin mota kuwa ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata. Duk wanda ya riƙe waɗannan a zuciyarsa ba zai dubi kuɗin haya shi kaɗai ba.

Bari mu yi misali irin na aji, kowa ya sa nasa adadi. A ce ga gida biyu. Na nesa naira 500,000 ne a shekara, zuwa aiki da dawowa kuma naira 2,000 kullum. Na kusa naira 800,000 ne, kuɗin mota naira 600 kullum. In ana aiki kwana 22 a wata, mai gidan nesa zai kashe naira 528,000 a mota cikin shekara, duka duka ya zama 1,028,000. Mai gidan kusa zai kashe 158,400, nasa ya tashi 958,400. Ashe gidan da a ke gani da araha shi ne mai tsada. Dalilin da ya sa ba a lura shi ne, haya gaba ɗaya a ke fitar da ita har a ji zafinta, kuɗin mota kuwa kaɗan kaɗan ya ke zurarewa kamar ruwa a tulu mai tsaga.

Akwai kuma abin da ba a saye da kuɗi. A ce mai gidan nesa yana awa biyu a hanya da safe, biyu da yamma, na kusa kuwa rabin awa rabin awa. Bambancinsu awa 3 ne a rana, awa 66 a wata, awa 792 a shekara. Kwana 33 ke nan cur, dare da rana, da uba ya ba hanya maimakon iyalinsa. Mu malamai mu kan ga sakamakon wannan a aji: yaron da aka tashe shi tun duhu yana gyangyaɗi kafin tara, wani kuma ba wanda ya duba littafinsa a gida tun farkon zango. Fita cikin duhu da dawowa cikin duhu yana da nasa haɗari kuma, gama a irin wannan lokaci ne ɓarayi masu yawo da mota kamar ta haya su ka fi samun fasinja.

Ba cewa mu ke yi gidan nesa ba shi da amfani ba. In uwargida tana sana'a, mai yiwuwa kasuwar Mararaba ko ta Suleja ta fi mata ciniki, cefane ma ya fi sauƙi. In ku biyu ne ke aiki, a auna hanyar kowa. Abin da mu ke roƙo shi ne a zauna da takarda da fensir, miji da mata tare, a yi lissafin duka.

GANI YA KORI JI

Kada ka biya gidan da ka gani sau ɗaya. Je ka ran Litinin ƙarfe 6 na safe, ka shiga motar da za ka riƙa shiga, ka duba agogo har ƙofar ofis. Ka lura ko daga gidan zuwa bakin titi sai an hau acaɓa, gama wannan ma kuɗi ne na kullum. A tsakiyar birni kuwa an hana acaɓa tun 2006.

Ka koma da yamma ka zauna da mai shago ko mai shayin unguwar. Su ba su da riba a cinikin, za su gaya maka gaskiya. Tambaye su ruwa: na famfo ne, ko rijiyar burtsatse, ko kuwa sai an jira 'yan garuwa? Gidan da kowace jarka sai an saya yana da wata haya ta biyu. Tambaye su wuta: awa nawa ta ke zuwa, kuma gidan yana da mita mai kati tasa ta kansa, ko haɗaka a ke yi? Mitar haɗaka ta sha raba maƙwabta. In mita ce ta tsohon ɗan haya, a bincika ko akwai bashi a kanta.

Sa'an nan ka tuna da damina. Gidan da ya yi kyau a watan Janairu yana iya zama tafki a watan Agusta. A watan Yuni na 2023 ambaliya ta shiga gidaje da dama a wani rukunin gidaje a Lugbe, wasu sassan Lokogoma ma sun sha fama da ruwa. Dubi gindin bango ko akwai shatin ruwa, dubi magudana, dubi ko gidan a kwari ya ke. Ka kuma duba bangon unguwar ko akwai alamar jan fenti ta hukuma. Tsakanin 2003 da 2007, sa'ad da Malam Nasiru El-Rufa'i ya ke ministan birnin, an rushe unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika domin sun saɓa wa tsarin gari. In rusau ya zo, ɗan haya ne ke kwana a waje da kayansa, kuɗin da ya biya kuwa da wuya ya dawo.

Kada a manta da makarantar yara, da asibiti mafi kusa in ciwo ya tashi da dare, da wurin sujada da iyali za su iya zuwa ba sai sun kashe kuɗin cefanen mako a mota ba.

KAFIN A MIƘA KUƊI

Kuɗin da dillali ya fara faɗa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai ladansa, wanda yawanci kashi 10 cikin 100 ne na hayar ko fiye, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, akwai na ajiya domin ɓarna, a wasu rukunin gidaje har da na gadi da kwasar shara. A sa ya faɗi duka tun farko. Ka nemi ganin mai gidan ido da ido, ko wakilinsa da maƙwabta su ka sani, gama an sha ba mutum biyu ko uku hayar ɗaki ɗaya. Ka biya ta banki, ka karɓi rasit, a rubuta wanda zai gyara rufi da famfo, da tsawon sanarwar da za a ba ka in za a ƙara kuɗi ko a tashe ka. In dillali ya ce, "Wani na zuwa da kuɗi yanzu yanzu," bar shi ya zo. Sauri ya haifi nawa.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce, in da hali maigida ya fara zuwa shi kaɗai, ya sauka wurin ɗan'uwa ko aboki wata ɗaya, ya koyi garin da ƙafarsa. In ya ga gida biyu ko uku da su ka kwanta masa, ya kira uwargida ta zo ta gani kafin a biya, gama ita ce za ta san wahalar ruwan da nisan kasuwar.

Ɗan'uwan nan namu ya daure har shekararsa ta cika, sa'an nan ya koma Kuje. Ɗakin bai kai na dā girma ba, hayar ma ta ɗan fi. Amma yanzu ya kan iso gida da sauran rana, ya ci tuwo tare da 'ya'yansa, ya duba musu aikin makaranta.