Ƙwayoyin halittar da ke cin ƙarfe, da masu karatun yaƙi da su

A Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan bututun rijiyar burtsatse ya huje, ko ruwan ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗan kwangila ake fara ɗora wa laifi. Wani lokacin zargin gaskiya ne. Sai dai akwai wani mai laifin da ido ba ya gani, wato ƙwayoyin bakteriya.

Wasu daga cikinsu suna rayuwa ne a inda iska ba ta kaiwa, a ƙarƙashin ƙasa ko a cikin bututu. Sukan taru su yi yauƙi a jikin ƙarfe, suna sarrafa sinadarin salfet da ke cikin ruwa, suna fitar da iskar nan mai wari. A ƙarƙashin yauƙin ne ƙarfen ke cinyewa, rami-rami, har ya ɓule alhali sauran bututun lafiyarsa ƙalau. Wasu masu bincike a ƙasar Holan ne suka yi fitaccen bayani a kan haka a shekarar 1934.

Ɓarnar ba ta tsaya a rijiya ba. A 2006 bututun kamfanin BP ya huje a Alaska ta Amurka, ɗanyen mai ya malala, kuma an danganta lamarin da irin waɗannan ƙwayoyi. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, shi ma a cikin ƙasa aka binne shi.

Binciken wannan matsala aikin injiniyoyin sinadarai ne. Ɗalibin Sabuwa ba sai ya yi nisa ba, domin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana koyar da fannin. Shekara biyar ake yi, ga wanda ya ci lissafi da kimiyyar sinadarai da fiziks. Mai son zama malamin jami'a kuwa sai ya ɗora da digiri na biyu da na uku, kuma asusun PTDF yakan ɗauki nauyin irin wannan karatu.

Fannin yana da wata fuska, ta sa ƙwayoyin aiki maimakon kashe su. Matan da ke rufe dafaffiyar kalwa kwana biyu zuwa uku ta zama daddawa, bakteriya suke sa wa aiki, ko da ba su san sunanta ba. Aikin injiniya shi ne auna zafi da lokaci, yadda daddawar bana za ta yi daidai da ta baɗi.