Gargaɗin Annabawa da Ma'anar Tuba ga Kiristocin Ƙasar Hausa

Garin Kanya Babba yana cikin ƙaramar hukumar Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, ba nisa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Mafi yawan mutanen wannan yanki, har zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa, Musulmi ne manoma. Amma akwai 'yan tsirarun Kiristoci Hausawa, waɗanda da dama daga cikinsu jikokin Maguzawa ne. Mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, ya yi tasha da makaranta a Roni, ekklesiyoyin da suka fito daga aikinsa kuwa su ne suka haɗu suka zama ECWA a 1954. Littafi Mai Tsarki dungum ya fito da Hausa a 1932, aka kuma fitar da sabuwar fassara wajen 1980. Ashe ke nan an kusa shekara ɗari ana karanta maganar annabawa da harshen Hausa, ana kuwa fahimtarta ta hanyoyi iri iri.

Babbar matsalar tana cikin kalmar tuba kanta. A bakin Hausawa, tubabbe shi ne wanda ya bar addinin da ya tashi a ciki ya shiga wani. Saboda haka sai tuba ta zama kamar ƙofar zaure, wadda mutum yake wucewa sau ɗaya, in ya shiga gida shi ke nan. Jikan tubabbe, wanda aka haifa cikin ekklesiya, yakan ɗauka kakansa ya riga ya gama masa wannan aiki, gargaɗin hukunci kuwa na mutanen waje ne. Annabawan Tsohon Alkawari ba su san wannan fahimta ba. Kalmar Ibrananci da aka fassara da tuba, watau shub, ma'anarta juyowa ce, irin ta matafiyin da ya gane ya ɓace hanya. Kuma kusan duk waɗanda aka kira su juyo, masu ibada ne da suke zuwa haikali suna kai hadaya.

Annabi Amos shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Makiyayi ne daga Tekowa, ya yi annabci wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, zamanin Yerobowam na biyu, sa'ad da Isra'ila take cikin wadata. Ya fara da jera laifofin maƙwabta, su Dimashƙu da Gaza da Taya da Edom da Ammon da Mowab, abin da lalle ya yi wa masu sauraro daɗi. Daga nan sai ya juyo kan jama'arsa, sauran littafin duka a kansu ya tsaya. Laifofin da ya lissafa ba baƙi ba ne ga wanda ya taɓa cin kasuwar hatsi a ƙasar Babura. Ya ambaci fatake masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma ciniki, masu rage mudu, masu cuɗa hatsi da ƙaiƙayi, da masu shari'a da suke karɓar hanci su danne talaka. Bai zarge su da barin sujada ba. Zarginsa shi ne sujadar tana bunƙasa, mudun yana ƙanƙancewa. Firist ɗin Betel, Amaziya, ya kore shi ya ce ya koma ƙasarsu. Samariya ta faɗi a hannun Assuriyawa a shekara ta 722, watau wajen shekara 40 bayan gargaɗin.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne gargaɗin annabi yana da sharaɗi. A sura ta 18 ta littafinsa, Irmiya ya kawo misalin maginin tukwane, ya bayyana cewa al'ummar da aka yanke wa hukunci, in ta juyo, ana janye hukuncin. Yunusa ya ba Nineba kwana 40, mutanen suka tuba, birnin ya tsira, annabin ya yi fushi don maganarsa ba ta cika ba. Wannan labari maƙwabta Musulmi ma sun san shi, gama Alƙur'ani ya ambaci mutanen Annabi Yunus da imaninsu ya amfane su. Nasarar gargaɗi ke nan, a ji shi har abin da aka faɗa ya fasa aukuwa. Wannan ne ya raba annabawa da masu ƙidayar ranar tashin duniya. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, duk ranakun suka wuce. Irin wannan lissafi, wanda yanzu yake yawo a wayoyin hannu har ƙauyuka, yana sa mutum ya zuba ido ga kalanda, ba ya tambayarsa komai game da bashin da ya hana ko gonar marayu da ya cinye.

Akwai wuri ɗaya mai wuya, bai kuwa kamata a kauce masa ba. Annabawa sun ɗauki fari da fara a matsayin faɗakarwa. Amos ya yi zancen ruwan da aka hana saura wata uku a yi girbi, Yowel kuma ya gina saƙonsa a kan farar da ta cinye ƙasa. Mutanen arewacin Jigawa, waɗanda suka ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, ba sa bukatar a kwatanta musu abin da wannan yake nufi. To, ko duk wanda gonarsa ta ƙone mai laifi ne? A Luka sura 13 Yesu ya amsa da kansa, game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima zunubi, ya kuma mai da tambayar kan masu yin ta. Bisa ga wannan, Kirista yana da izinin bincika kansa sa'ad da masifa ta zo, amma ba a ba shi izinin nuna maƙwabcinsa da yatsa ba, balle a yankin da rumbun Musulmi da na Kirista suke jiran girgije ɗaya.

Sabon Alkawari bai sassauta wannan tsari ba. Wasiƙar Bitrus ta fari ta ce daga jama'ar Allah hukunci yake farawa, cikin ekklesiyoyi bakwai na littafin Wahayi kuwa biyar aka umarta su tuba, alhali dukansu masu bi ne da aka yi wa baftisma. Ma'aikacin gwamnati zai sami rabonsa a Luka sura 3. Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Masu haraji ya hana su karɓar abin da ya wuce ƙa'ida, sojoji ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da ya tuba sai ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.