Majalisar Andy Reid da Jarrabawar Kakar 2025

A ranar 9 ga Fabrairu, 2025, a birnin New Orleans na ƙasar Amurka, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta shiga fili tana neman abin da babu ƙungiyar da ta taɓa samu tun da aka soma gasar Super Bowl, watau ɗaukar kofin sau uku a jere. Amma kafin a tafi hutun rabin lokaci 'yan Philadelphia Eagles sun riga sun tara maki 24 alhali ita ba ta da ko ɗaya, daga bisani tazarar ta kai 34 da babu, aka kuma tashi 40 da 22. Tun daga wannan dare masu nazarin wasan suka kasu biyu, wasu na cewa tuntuɓe ne kawai irin wanda kan sami kowane gwani, wasu kuwa na cewa alama ce ta ƙarewar zamani. Wanda yake son ya rarrabe tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu, wajibi ne ya ɗauke idonsa daga kan 'yan wasa na ɗan lokaci, ya dubi dattawan da ke tsaye a gefen fili da takardu a hannu, domin a ƙwallon Amurka su ne ma'abota tadbiri.

Dalilin haka yana cikin ƙa'idar wasan kanta. Kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya a fili mai tsawon yadi 100, kuma masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci gaba da yadi goma, ko ta hanyar jifa ko ta hanyar gudu da ita a hannu. In sun cika sharaɗin a sabunta musu damar, in sun kasa ƙwallo ta koma ga abokan hamayya. Bayan kowane yunƙuri wasa yakan tsaya, a ba da daƙiƙa arba'in a sake shiri, kuma a cikin wannan ɗan taƙi ne koci yake zaɓar dabara guda daga ɗaruruwan da aka haddace, ya faɗa wa madugun hari ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, na'urar da ake katse muryarta idan saura daƙiƙa goma sha biyar. Saboda haka abin da mai kallo yake gani kamar turereniyar ƙarti, alal haƙiƙa muƙabala ce ta tunani tsakanin majalisu biyu. Ita kuwa ƙungiya, wadda ke da 'yan wasa 53, ta kasu gida uku: rundunar hari, da rundunar tsaro, da rundunar bugu da ƙafa, kowacce da shugabanta da mataimakansa, dukkansu a ƙarƙashin babban koci.

Babban kocin Kansas City shi ne Andy Reid, haifaffen Los Angeles a 1958, kuma ba a fahimtar matsayinsa sai an bi silsilarsa, kamar yadda a zaurukan ilminmu ba a tambayar malami abin da ya sani kafin a tambayi wanda ya karantar da shi. Bill Walsh, wanda ya ci Super Bowl sau uku da San Francisco, shi ne ya kafa mazhabar hari da gajerun jifa masu auna lokaci, da al'adar rubuta dabarun farkon wasa tun kafin a shiga fili. Mike Holmgren ya yi karatu a gabansa, sa'an nan da ya sami shugabanci a Green Bay a 1992 ya ɗauki Reid cikin mataimakansa, ya zauna da shi shekara bakwai. A 1999 Reid ya karɓi Philadelphia, ya yi shekara goma sha huɗu a can, ya kai ta wasan ƙarshe sau ɗaya bai ci ba, har aka sallame shi bayan kakar 2012. Ba a yi mako guda ba iyalan Hunt, waɗanda mahaifinsu Lamar Hunt ya kafa ƙungiyar a 1960, suka kira shi Kansas City, inda ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa biyu kacal cikin goma sha shida, ya mai da ita mai cin goma sha ɗaya a shekararsa ta farko. Shi kansa ya yaye almajirai da yawa, cikinsu har da John Harbaugh da Doug Pederson, waɗanda kowannensu ya riga shi ɗaga kofi, da Sean McDermott, wanda ya horar da Buffalo, malamin nasa kuma ya sha tare masa hanya. A watan Janairu na 2025 Reid ya cika nasara 300, adadin da mutum uku ne kaɗai suka riga shi kaiwa: George Halas, da Don Shula, da Bill Belichick.

Abin da ya bambanta majalisarsa da sauran majalisu shi ne daɗewa, a cikin sana'ar da ba ta san haƙuri ba, wadda a cikinta ake korar koci bayan kaka biyu ko uku. Dave Toub, shugaban rundunar bugu, yana tare da shi a Kansas City tun 2013, haka ma Andy Heck mai horar da mutum biyar ɗin da ke yi wa madugu katanga. Matt Nagy, shugaban rundunar hari a 2025, ya taso a hannunsa tun Philadelphia, ya tafi ya shugabanci Chicago daga 2018 zuwa 2021, ya dawo gida, ya gaji kujerar Eric Bieniemy a 2023, ko da yake sanannen abu ne cewa kalmar ƙarshe a sha'anin hari tana bakin Reid. Amma mafi girman daraja cikin waziran nan shi ne Steve Spagnuolo, wanda aka danƙa wa tsaro a 2019. Shi ne ya tsara tsaron New York Giants da ya karya New England a Fabrairun 2008, bayan ta ci wasa goma sha takwas ba faɗuwa. Da ya zama babban koci a St. Louis bai yi rabo ba, nasara goma kawai ya samu cikin wasa 48. Da ya koma muƙamin mataimaki kuwa sai ga shi ya ƙara zoben Super Bowl uku a kan na New York Giants, suka zama huɗu. A cikin tarihinsa akwai wa'azi ga mai lura, cewa baiwar tsara dabara dabam, baiwar riƙon jama'a dabam, kuma mai hankali shi ne wanda ya san gurbin da ya dace da shi.

Amfanin wannan daɗewa yana bayyana ne idan aka tuna da dokoki biyu da hukumar NFL ta shimfiɗa domin kada wata ƙungiya cikin 32 ta dawwama a kan sauran. Ta farko ita ce iyakance jimillar albashi, wadda a 2025 ta tsaya a dala miliyan 279.2 ga kowace ƙungiya. Ta biyu ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, inda wadda ta fi shan kashi take fara zaɓe, zakara kuwa ya zo daga ƙarshe. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya yi nasara sai 'yan wasansa su yi tsada har ya kasa riƙe su, sa'an nan a hana shi zaɓaɓɓun matasa. Amma albashin masu horarwa ba ya cikin lissafin, don haka ilmin da ke kawunansu shi ne jarin da doka ba ta taɓawa. Da Kansas City ta sallama mai karɓar jifarta Tyreek Hill ga Miami a 2022, mutane da yawa sun zaci harinta ya mutu, sai ga ta da kofi a ƙarshen wannan kakar, Spagnuolo kuma yana tsare baya da yara sababbin shiga irin su Trent McDuffie da Jaylen Watson. Ko madugun harinta Patrick Mahomes kansa, wanda aka zaɓa na goma a 2017, sai da Reid ya zaunar da shi shekara guda yana koyo a bayan Alex Smith, kafin ya sake shi a 2018 ya jefa ƙwallayen ci hamsin. Da wannan tafarki ne ƙungiyar da ta yi shekara hamsin ba kofi tun 1970 ta ɗauka a 2020 da 2023 da 2024, ta kuma shugabanci rukuninta shekara tara a jere.

To, gabanin kakar 2025 mas'aloli uku ne ke gaban majalisar, kuma ta farkonsu ita ce katanga. A 2024 an gwada mutum huɗu a gurbin da ke tsare bayan Mahomes ta hagu, har ta kai aka ciro Joe Thuney daga mazauninsa na ciki aka tsayar da shi can, aka toshe kafa guda aka buɗe wata. Vic Fangio, mai tsara tsaron Philadelphia, ya ga wannan rauni, bai ƙara ko mutum ɗaya a kan masu farmakinsa huɗu ba, ya bar sauran bakwai suna tsare masu karɓar jifa, amma duk da haka an kayar da Mahomes sau shida, an kuma cafke jifansa biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Brett Veach, wanda ke kula da ɗaukar 'yan wasa tun 2017, ya amsa da sallama Thuney ga Chicago, da ɗauko Jaylon Moore daga San Francisco, da zaɓen Josh Simmons na jami'ar Ohio State a gurbi na 32, saurayin da raunin gwiwa ya katse masa kakarsa ta ƙarshe a jami'a, sa'an nan aka ɗaure ɗan katanga Trey Smith da kwantiragin shekara huɗu. Kayan aiki sun samu. Haɗa su su zama jiki ɗaya kuwa nauyi ne a wuyan Andy Heck, domin mutum biyar ɗin nan ba su da amfani sai kowannensu ya san motsin na kusa da shi ba tare da ya waiwaya ba.

Mas'ala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Ƙungiyar ta ci wasa 15 cikin 17 a 2024, amma goma sha ɗaya daga ciki da tazarar da ci guda ke iya shafewa ta same su. A wasan farko ɗan yatsan ƙafar wani ɗan Baltimore ne ya taɓa layi aka soke cinsa. A karawa da Denver Leo Chenal ne ya tare bugun ƙarshe aka tashi 16 da 14. A karawa da Las Vegas abokan hamayya ne suka saki ƙwallo da kansu a lokacin da nasara ke hannunsu. Masu goyon baya suna cewa wannan natija ce ta horo da natsuwa, kuma akwai gaskiya a zancensu, tun da tare bugu aiki ne da Toub yake koyarwa. Sai dai adalci ya wajabta a ce akwai rabo a ciki, kuma ba kullum ake kwana a gado ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce Mahomes ya tsaya a yadi 3,928 da ƙwallayen ci 26, kusan rabin ƙwallayen cin da ya jefa a 2018, saboda masu tsaro sun koyi ja da baya su hana shi dogon jifa, su bar shi da gajeru. Cikin masu karɓar jifa, gabanin kakar 2025 Rashee Rice yana dawowa daga raunin gwiwa, Xavier Worthy yana da gudun da ba a cika samun irinsa ba, Travis Kelce kuwa ya cika shekara 36 a watan Oktoban 2025. Aikin Reid da Nagy a 2025 shi ne su ƙago hanyar da za ta mai da tsoron dogon jifa cikin zukatan abokan hamayya.

Ta uku ita ce maƙwabta. A 2025 rukunin da Kansas City take ciki, watau rukunin yamma na AFC, ya zama matattarar shaihunnan sana'ar: Jim Harbaugh yana Los Angeles Chargers, wadda ta ci wasa 11 a shekararsa ta farko, Sean Payton, wanda ya ɗauki kofi da New Orleans a 2010, yana Denver, wadda ta ci 10 a 2024 da sabon madugu, Pete Carroll kuma, wanda ya ɗauka da Seattle a 2014, ya sauka Las Vegas yana da shekara 73. Jadawalin 2025 ya tsara a gamu da kowannensu sau biyu, kuma tun ranar 5 ga Satumba aka fara da Harbaugh a birnin São Paulo na Brazil, mako na biye kuma Philadelphia ta zo filin Arrowhead na Kansas City. A ɓangaren tsaro Spagnuolo ya rasa Justin Reid, wanda ya koma New Orleans, amma a 2025 yana da Chris Jones da Nick Bolton da McDuffie, kuma tarihinsa ya nuna cewa cike gurbi ba ya ba shi wahala kamar yadda yake ba wasu.

Hukuncin da ya fi kusa da daidai, a ganina, shi ne cewa daɗewar da ta zama ƙarfin wannan majalisa ita ce kuma haɗarinta. Zuwa 2025, shekara goma sha biyu na hotunan wasanninta suna hannun kowane abokin hamayya, almajiranta sun watsu cikin ƙungiyoyi da sirrin karatunta, kuma mutanen da suka daɗe suna shawara tare sukan wayi gari ra'ayinsu ya zama ɗaya, har a rasa mai cewa a'a. Reid, mai shekara 67 a 2025, ya taɓa sabunta kansa sau biyu: da ya bar Philadelphia, da kuma lokacin da ya shigo da dabarun jami'o'i domin su dace da Mahomes. Lissafin gabanin kakar 2025 shi ne: idan katanga ta tsaya, dogon jifa kuma ya dawo, Kansas City tana cikin 'yan ƙalilan da ke da hujjar sa rai da kofi. Idan kuwa aka dogara ga maimaita nasarorin daƙiƙar ƙarshe, to lissafi ba ya goyon bayan haka, kuma Denver da Los Angeles suna da ƙarfin karɓe rukunin. Wasanni biyun farko na 2025 su ne abin da mai lura zai duba domin ya gane ko majalisar ta karanta darasin New Orleans da idon basira.