Likita ya ce kansa ce, amma ba za a yi aiki ba

Ranar zubi ce, mun gama ƙirga kuɗi za mu rufe akwati, sai wata ƴar ƙungiyarmu ta ce tana son bashi, za ta kai maigidanta Yamai. An gwada shi an ce kansar purostat gare shi, amma likita ya ce ba za a yi masa aiki ba, sai dai ya riƙa dawowa ana dubawa. Ta ce mini: "Yaya, don ya ga ba mu da ko dala ne. Da mai kuɗi ne, da tuni an yi."

Ni ma haka na ɗauka, sai da na raka su wurin likitan na yi ta tambaya har ya fara dariya.

Purostat wani ɗan nama ne kamar goro, a ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta bi ta tsakiyarsa. Kansar da ke kama shi iri-iri ce. Akwai mai gudu, akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wadda mutum zai tsufa da ita har wani ciwon daban ya zama ajalinsa. Shi kuwa aikin cirewa, ko gashi da na'ura, yana iya barin namiji da yoyon fitsari ko mutuwar gaba. Mu da ke cikin ɗaki mun san abin da wannan ke yi wa gida. Shi ya sa in kansar mai sanyi ce, likitoci kan zaɓi su sa mata ido, in ta motsa a yi aikin tun bai ɓaci ba.

To amma ba kowa ake yi wa haka ba, tankaɗe ake yi. Ana awon jini mai suna PSA, ana son ya kasance ƙasa da 10. Ana tsinko ɗan nama da allura a duba shi, a ba shi maki da ake kira Gleason. 6 shi ne mafi sauƙi, kuma shi ake nema. Likita zai taɓa da yatsa ta dubura ya ji kumburin ƙarami ne, bai fita daga purostat ba. Inda akwai hoton IRM ana ƙarawa da shi. Sannan a tambaya ko uba ko ɗan'uwa ya taɓa yin ciwon, don yana bin dangi, kuma baƙar fata sun fi kamuwa da shi. Maigidan ƴar'uwarmu, mai shekara 63, ya tsallake duk waɗannan.

Abin da likitan ya fi tsayawa a kai shi ne: zai dawo kuwa? Awon jini kamar duk wata shida, dubawa duk shekara, kuma a sake tsinko nama bayan wani lokaci. Ya ce wanda ba zai dawo ba, gara a yi masa aikin tun yanzu.

An bi maza 1,643 a Birtaniya har shekara 15, aka fitar da sakamako a 2023. Wasu an yi musu aiki, wasu gashi, wasu sa ido. A kowane kashi, wajen 3 cikin 100 ne kansar ta kashe. Sai dai yaɗuwarta ta fi yawa ga waɗanda aka sa wa ido: wajen 9 cikin 100, sauran kuwa wajen 5. Ni wannan lissafin ya fi kwantar mini da hankali a kan a ce mini "ba komai".

Kada wata ta karanta ta ce wa Malam ya zauna gida. Yawancin mazanmu sai fitsari ya tsaya, ko ƙugu da ƙashin baya sun hana barci, suke zuwa asibiti, kuma wanda tasa ta yaɗu ba ya cikin wannan magana. Ƙarama kuwa sau da yawa ba ta da alama ko kaɗan. Wahalar fitsari ga dattijo galibi kumburin tsufa ne, amma awo ne ke rarrabewa, ba mai tallan magani a kasuwa ba.

Ƴar'uwarmu ta fasa bashin Yamai. Mun rubuta ranakun awon a bayan karnenta na zubi, kuma duk mako tana ajiye wani abu na mota da na awo. Randebu na biyu ya faɗo tsakiyar yankan hatsi, maigidan ya ce shi lafiyarsa lau, ba inda za shi. Ta kira babban ɗansu ya riƙe gona, ta sa kuɗin mota a aljihun rigarsa tun da dare. Ya tafi yana mita. PSA ɗin yana nan inda yake, na gaba kuma a watan huɗu ne.