Albasa, Shinkafa da Makomar Fadama: Haƙƙin Jama'a da na 'Yan Kasuwa Wajen Kiyaye Muhalli a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda noman rani na kasuwa yake taɓa ƙasa da ruwa da itatuwa a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, sa'an nan a tantance abin da ya rataya a wuyan talaka da abin da ya rataya a wuyan ɗan kasuwa.

Maganar ɗorewar muhalli ta yaɗu a duniya tun taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Stockholm a 1972, ta kuma ƙara ƙarfi da rahoton kwamitin Brundtland na 1987. Ma'anarta a taƙaice ita ce mutanen yau su ci moriyar ƙasa ta hanyar da ba za ta tauye rabon na gobe ba. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin kowane manomi ya san bambancin hatsin ci da na iri, ya kuma san wanda ya cinye irinsa da rani ba shi da abin cewa ranar shuka. Hujjar da za a kafa a nan ita ce, fadama da dausayi da itacen gona su ne irin wannan yanki, kuma an soma taɓa su.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin masarautar Gwandu, kuma bisa ƙidayar 2006 mutanensu sun haura 400,000. Gulbin Zamfara ya ratsa ta Jega kafin ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Garin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, ya yi suna tun ƙarni na 19 saboda kasuwarsa. Aliero ta shahara da albasa, wadda manyan motoci suke kwasa zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Maiyama da ƙauyukanta, haka nan ƙauyukan Jega irin su Gehuru da Alelu da Kimba, zamansu ya dogara ne ga noma da kiwo.

Tsarin ƙasar iri biyu ne. Akwai tudu mai jigawa, inda ake gero da dawa da wake cikin damina ta wata huɗu zuwa biyar. Akwai kuma fadama mai laka, wadda ruwa yake malalewa kanta kowace shekara, ya bar mata danshi da taki. Abin lura shi ne tudu da fadama jiki ɗaya ne. Duk abin da ya sami tudu, fadama ce take karɓarsa bayan ruwan sama na farko.

3.0 Daga Jigo Zuwa Inji

A da, mai lambu da jigo yake ban-ruwa, saboda haka faɗin lambunsa bai wuce ƙarfin damtsensa ba. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 zuwa 1984, ya nuna wa hukuma da talakawa cewa dogaro ga damina kaɗai kasada ce. Shirin Fadama na ƙasa, wanda aka soma a farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa masu shan fetur. A watan Nuwamba na 2015 kuma aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance a nan Jihar Kebbi. Masana'antun casar shinkafa suka bunƙasa, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, wadda aka buɗe a 2017.

Ba wanda zai yi musun alherin da wannan sauyi ya kawo. Samari da yawa da suka saba tafiya cin rani sun sami abin yi a gida, kuɗi kuma sun shiga hannun mutanen ƙauye. Amma fa inji ba ya gajiya kamar yadda mai jigo yake gajiya. Iyakar da ƙarfin mutum ya shata a da ta kau, ba a kuwa kafa wata a madadinta ba.

4.0 Matsalolin da Suka Biyo Baya

4.1 Saran Itace

Hatsi da kuɗi sun ƙaru, amma makamashin girki bai sauya ba. Gidaje, da masu gidan burodi, da masu tsire, da matan da suke turara shinkafa, galibinsu itace ko gawayi suke ƙonawa. Kirya, wadda maƙera suka fi so saboda ƙarfin gawayinta, ta yi wuyar gani kusa da gari. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, waɗanda a da ba a sare su saboda amfanin 'ya'yansu, yanzu gatari bai ƙyale su ba. Idan tudu ya zama fili fetal, iskar hunturu takan kwashe ƙasar sama, ruwan damina kuma ya yanka kwazazzabai ya tura rairayi cikin rafuka.

4.2 Ambaliya da Ƙarancin Ruwa

Rairayin nan shi yake cike cikin gulbi. Gulbin da ya rasa zurfi kuwa ba shi da inda zai zuba ruwansa sai gonaki da gidaje. Jihar Kebbi ta sha ambaliya a 2010 da 2012, amma ta 2020 ita ce manoman shinkafa ba za su manta ba, domin rahotannin lokacin sun ƙiyasta ruwa ya cinye kimanin hekta 450,000 ta shinkafa a jihar, ƙasar Jega na cikin inda abin ya shafa. Ba a cewa saran itace kaɗai ne sanadi, domin yawan ruwan sama da sakin ruwan madatsu suna da nasu kaso. Sai dai daga cikin sanadan nan, cikewar gulbi shi ne wanda hannun mutanen yankin yake iya kaiwa gare shi.

Ta ɗaya gefen kuma, ruwan da rijiyoyin fadama suke zuƙa ba teku ba ne. Ajiya ce da malalar damina take zubawa ƙarƙashin ƙasa kowace shekara. Ruwan da ya zo da gudu ya wuce da gudu ba ya nutsewa sosai, saboda haka wuri ɗaya yana iya shan ambaliya a Satumba, ya kuma ga rijiyarsa ta ja baya a Afrilu.

Har wa yau ya kamata a tuna Gulbin Zamfara ya biyo ta ƙasar Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga aikin zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a 2010. Wannan ya isa ya nuna cewa wanda yake zaune a ƙasan gulbi yana da ruwa da tsaki a abin da ake yi a samansa.

4.3 Taki da Magungunan Feshi

Nan ne hannun kasuwa ya fi fitowa fili. Albasa da buhu ake cinikinta, kuma mai manyan ƙwallaye ita take cika buhu da wuri. Wannan ya sa manomi yakan tsananta zuba takin zamani har kusa da cira, ya kuma ci gaba da ban-ruwa. Masana aikin gona sun tabbatar cewa albasar da ta sha takin yuriya a makare takan yi kaurin wuya, ba ta bushewa da kyau, kuma ita ce take saurin ruɓewa a rudu. Watau an ɓarnatar da taki da ruwa da fetur domin a noma abin da wani kasonsa zai ƙare a juji. Daɗin daɗawa, yawan yuriya ba tare da takin gida ba yakan sa ƙasa ta yi tsami, ta riƙa neman ƙari kowace shekara.

Maganin feshi kuwa ana sayar da shi a teburin kasuwa, sau da yawa ga wanda ba ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. Yaro yakan yi feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, a wanke tankin a bakin rafi, kwalbar kuma ta koma ta zuba man gyaɗa. Illar ba ta tsaya ga lafiya ba, har ciniki takan taɓa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, manomin da bai taɓa ganin Turai ba ya yi hasarar kasuwa.

4.4 Leda

Ledar kasuwa da ta ruwan sha ba ta ruɓewa. Tana toshe magudanun ruwa a cikin gari, tana bin takin juji zuwa gona, mahauta kuma sun saba tsintar ta a tumbin awaki da shanu.

5.0 Haƙƙin Jama'a

Abu na farko shi ne rainon itacen gona. Ba sai an je nesa neman misali ba. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 manoma suka rungumi dabarar da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta kama ƙasa, itacen yakan girma ba tare da ban-ruwa ba. An ƙiyasta wannan dabara ta farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi dacewa da ita, domin da damina yake kakkaɓe ganyensa, ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Wannan aiki ba ya bukatar rance, wuƙa da haƙuri kawai yake nema.

Na biyu shi ne farfaɗo da dokokin al'ada. Kabawa sun daɗe da sanin cewa ruwa ma yana bukatar hutu. A Argungu akan hana su a Matan Fada sai lokacin biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin abubuwan gadon ɗan Adam a 2016. Hakimai da dagatai da sarakunan noma suna iya kafa irin wannan ƙa'ida a kan noma har bakin gaɓar gulbi, da cinye burtali da mashaya, da zuba guba a ruwa domin kama kifi. Burtalin da aka nome shi ne mafarin yawancin rigimar manomi da makiyayi, alhali kashin shanun makiyayin shi ne takin da gonar take nema.

Na uku ya shafi mata, domin su suke riƙe da murhu. Murhu mai tsimin itace yana rage abin da ake ƙonawa, yana kuma rage hayaƙin da yake cutar idanu da ƙirji. Malamai da limamai kuwa suna da mumbari, kuma hana ɓarna da almubazzaranci yana cikin abin da aka ɗora musu.

6.0 Haƙƙin 'Yan Kasuwa

Manomi abin da kasuwa take saye shi yake nomawa. Saboda haka dillalan albasa suna da ikon da malamin gona ba shi da shi. Idan ƙungiyarsu ta ware farashi mafi tsoka ga albasar da ta bushe sosai mai jure ajiya, manomi da kansa zai rage taki ya yaye ruwa a kan kari. Haka nan zuba jari a rumbunan ajiya masu shan iska riba ce ga mai kuɗi, kuma kowane buhun da bai ruɓe ba ruwa ne da fetur da aka tsirar.

Masu sayar da maganin feshi wajibi ne su tsaya ga abin da hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, su yi wa mai saye bayanin awo da Hausa, su kuma karɓi kwalaben da aka gama da su. Kamfanonin da suke kawo maganin su ya kamata su ɗauki nauyin kwashe kwalaben, tun da su suka ci ribarsu.

Masu injin casa suna zaune kan tsibin makamashi. Ɓuntun shinkafa da ake tarawa a cinna wa wuta yana iya dafa tukunyar turara, ana kuma iya curawa a sayar a madadin gawayi. Masu sayar da injin ban-ruwa su ma suna da dama. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, injin mai aiki da hasken rana ya zama abin sha'awa, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin manomi in ba an ba shi biya kaɗan-kaɗan ba. Amma a yi hattara: injin da ba ya shan fetur yana iya sa a bar ruwa yana kwarara yini guda, don haka dole a haɗa shi da ƙa'idar rabon ruwa. Masu ruwan leda kuma su haɗa kai su sayi ledar da aka yar daga hannun masu tsinta, kamar yadda 'yan gwangwan suke sayen ƙarfe.

7.0 Kammalawa

Dokoki da hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992, da hukumar NESREA ta 2007, da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ta 2015, wadda Kebbi take cikin jihohi 11 da aikinta ya shafa. Sai dai jami'in hukuma ba zai tsaya a kan kowane kututture ko kowane teburin magani ba. Aikin yana hannun mai gona da mai saye.

Shawarar da wannan takarda take bayarwa ita ce, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ta ɗauki ɗawainiyar auna zurfin ruwan rijiyoyin fadama da lafiyar ƙasa kowace shekara a zaɓaɓɓun ƙauyuka, ta kuma bayyana sakamakon da Hausa a gaban hakimai da ƙungiyoyin manoma da na dillalai. Da irin wannan awo ne za a san ko ana cin riba ne ko kuwa uwar kuɗi ake ci. Allah Ya sa mu bar wa na baya fadamar da ta fi wadda muka tarar.