"Minti Biyu Kawai Zan Yi": Kayan Kan Babur da Ɓarawon da Ke Jiran Dama

Mota tana da ciki, babur kuwa duk waje ne. Wanda ya kulle mota ya bar jaka a kujera, sai an fasa gilashi ko an ɓalle ƙofa kafin a kai ga jakar, kuma fasa gilashi yana da ƙara. Wanda ya kafe babur ya bar leda a rataye a hannu, ko kwali a ɗaure da roba a kariya, bai bar komai tsakanin kayansa da mai wucewa ba sai kunya da tsoron Allah. Ga shi kuma babur shi ne abin ɗaukar kayan talaka. Daga Kantin Kwari zuwa Dawanau, daga Maraɗi zuwa Damagaram, a kan Boxer da Jincheng da roba-roba ake dakon atamfa da cefane da magani da takardun ofis. Ko a Kano, inda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, fasinja ne ya koma A Daidaita Sahu, kaya suna nan a kariya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu mota da yawa sun jingine ta sun koma ƙafa biyu, suka zo da ɗabi'ar mai mota ta barin kaya a abin hawa, alhali abin hawan ya canja.

Yawancin masu babur, idan aka yi maganar tsaro, hankalinsu kan kwado da sarƙa yake tafiya. Ni kuwa ina ganin kwado shi ne na ƙarshe a cikin abubuwan da ke kare kaya. Mai zare leda daga kan babur ba ɗan fashi ba ne da ya kwana yana shiri. Mutum ne da ke yawo yana jiran dama, aikinsa kuma bai wuce na daƙiƙu ba. A 1979 wasu masana halayyar al'umma biyu 'yan Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka bayyana cewa irin wannan laifi ba ya aukuwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya: mai niyyar ɗauka, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai sa ido. Mai babur ba shi da iko a kan na farko, domin ba zai shiryar da duk ɓarayin gari kafin ya shiga banki ba. Amma na biyu da na uku a hannunsa suke, kuma cire ɗaya daga cikinsu ya isa.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan haka daga duniyar babur ɗin kanta. A 1980 Jamus ta Yamma ta fara cin tarar duk wanda ya hau babur babu hular kwano. Don kare kawunan mahaya aka yi dokar, babu wanda ya yi tunanin ɓarayi. Sai ga shi zuwa 1986 satar babura ta ragu da fiye da rabi. Pat Mayhew da Ronald Clarke da abokin aikinsu, da suka bi diddigin alƙaluman, sun gano dalilin: yawancin masu satar ba da shiri suke fitowa ba, saboda haka ba sa yawo da hula, kuma duk wanda ya hau babur kai tsirara ɗan sanda zai tare shi nan take. Halin mutane bai canja ba, talauci bai ragu ba, ba a ƙara tsananta hukunci ba. Ƙaramin cikas ne ya shiga tsakanin ɓarawo da dama, sai mafi yawansu suka haƙura. Idan haka ta faru ga babur sukutum, to ledar da ke rataye a jikinsa ta fi sauƙin karewa.

Mataki na farko shi ne mutum ya kalli kayansa da idon ɓarawo. Ɓarawo ba ya zaɓar abin da ya fi tsada, yana zaɓar abin da zai shige aljihu ko ƙarƙashin riga, wanda kuma zai sayar kafin magariba. Buhun masara ya fi waya nauyi da wahalar ɓoyewa, shi ya sa sau da yawa buhun yake tsira, wayar da aka manta a maƙalarta a kan babur ta tafi. Asarar waya kuwa a yau ba ta tsaya ga kuɗin wayar ba, domin layin da ke cikinta yana haɗe da asusun banki, kuma da 'yan lambobin da ake dannawa ana iya kwashe abin da ke ciki kafin mai ita ya gama salati. Don haka waya da kuɗi da katin banki da makullan gida da na shago ba su da hurumin zama a kan babur ko na minti ɗaya. Haka takardun babur. Al'adar cusa rasit na asali a ƙarƙashin sit ganganci ne babba, domin ranar da aka ɗauke babur ɗin an haɗa wa ɓarawo da shaidar mallaka. Kwafi ya isa yawo, na asali ya zauna a gida. Sauran kayan da ba za a iya shiga da su ko'ina ba, tsarin fita ne maganinsu. Mai zuwa banki da asibiti da kasuwa a fita ɗaya ya bar kasuwa ta zama ta ƙarshe, yadda daga an ɗaure kaya sai gida. Wanda kuma zai ɓoye wani abu a but, ya ɓoye tun kafin ya iso inda zai ajiye babur. Buɗe sit a bakin kasuwa, a saka ambulan, a rufe, a juya baya, sanarwa ce ga duk wanda ke zaune yana kallo.

Sai a zo kan kwado. Amfaninsa ɗaya ne, sayen lokaci. Robar tayar da muke ɗaure kaya da ita an yi ta ne don kada kaya su faɗi a gargada, reza ɗaya ta ishe ta. Makullin but na ƙananan babura ba shi da wani ƙarfi, idan ya kwana biyu ma wani makullin yana iya buɗe shi. Akwatin ƙarfe da aka ɗaure da noti ta ciki, irin na masu kai saƙo, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, muddin ba a rataya masa kwadon da guduma ɗaya za ta tarwatsa ba. Hular kwano a zura waya mai kwado ta cikinta, kada a dogara da igiyar haɓa wadda almakashi zai yanke. Rufe babur da tamfol ma yana da rana, ba don yana hana hannu shiga ba, sai don ɓarawon dama ba ya son lalube a inda bai san abin da zai tarar ba. Duk waɗannan suna mayar da aikin daƙiƙa biyar ya zama na minti biyu. To amma minti biyu ba su da wata daraja a lungun da babu kowa. Jinkiri yana aiki ne kawai idan akwai wanda zai ga mai jinkirin.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna ɗaukar taro a matsayin tsaro. Cunkoso sutura ce ga ɓarawo. A bakin masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure ko gidan kallon ƙwallo, babura ɗari suna jere, babu wanda ya san na wane ne wanne, kuma mutumin da ya sunkuya yana kwance kaya cikin natsuwa kowa zai ɗauka nasa ne. Lokacin da aka tayar da salla kuwa, ɓarawo ya san daidai tsawon lokacin da babu wanda zai waiwayo. Idon da ke kare kaya shi ne na mutum ɗaya da ke zaune a wurin kullum, wanda ya ga fuskar mai babur, ya kuma san an bar masa amana: mai shayi, mai faci, mai cajin waya, maigadin ƙofa. Bambancin yana cikin furta maganar. Kafe babur kusa da teburin mai shayi a wuce daban, a yi masa sallama a ce, "Malam, don Allah ga kayana nan, ka sa mini ido," ya amsa, daban. Sai dai a san iyakar wannan. A fiƙihu, wanda aka ba ajiya don Allah ba ya biya idan ta salwanta sai in ya yi sakaci, kuma mai shayi yana da tukunyarsa da masu jiran a soya musu ƙwai. Taimako ne, ba a ɗora masa abin da in ya ɓata zai raba zumunci.

Shi ya sa nake ganin gyara mafi girma ba na mutum ɗaya ba ne. Wuraren ajiye babura na kuɗi, inda ake ba mutum lamba a maƙala irinta a jikin babur, suna nan a kasuwanni da asibitoci da dama, kuma 'yan kuɗin da ake biya ba su kai ko ƙurar abin da ake karewa ba. Gibinsu shi ne babur suke gadi, ba abin da ke kansa ba. Da yawa ma za su faɗa maka haka ƙarara. Cike wannan gibi ba ya buƙatar kwangila. Al'ummar da ta iya tsara masu ajiyar takalma a ƙofar masallaci ba za ta kasa tanadar kanta ɗaya da lambobi don hula da jaka da leda ba. Kwamitin masallaci da ƙungiyar 'yan kasuwa da 'yan agaji su mayar da wurin ajiye babura mai ƙofa ɗaya, a sa fitila saboda tarawihi da tahajjudi, a kuma wakilta waɗanda za su tsaya har a watse. Kyamara tana da amfani, amma bayan ɓarna take ba da labari, kuma in an ɗauke wuta ita ma ta tafi hutu.

Wani zai ce duk wannan ɗora wa mai kaya laifi ne, irin na masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙorafin yana da tushe, domin babu abin da ya fi ciwo kamar a yi wa mutum sata sannan a tare shi da "kai ma me ya sa ka bari?" Amma laifi daban, dabara daban. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun lissafa bayan dabba cikin wuraren da ake ɗauka ma'aji ne ko da mai ita ba ya kusa, wato wanda ya sauke kaya daga kanta ɓarawo ne cikakke, ba mai tsintuwa ba. Alhakin yana wuyan wanda ya miƙa hannu. Sai dai sanin mai laifi ba ya dawo da maganin da aka sayo wa mara lafiya, kuma shawarar a shiga da jaka ba hukunci ba ce a kan wanda ya riga ya rasa tasa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: in na tsare nawa, ai na maƙwabcina za a ɗauka, satar ba ta ragu ba, wuri ta canja. Masu bincike sun daɗe suna auna wannan. A 2009 Rob Guerette da Kate Bowers suka tattara nazarce-nazarce 102 na irin waɗannan matakan toshe dama. Sun tarar laifi ya koma wani wuri a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka auna, amma a kusan daidai wannan adadi akasin haka ne ya faru, wato tsaron ya amfani har wuraren da ke kusa waɗanda ba a yi wa komai ba. A Jamus ma ɓarayin babur ba su koma kan motoci da kekuna da yawan da zai cike gurbin ba. Dalilin a fili yake. Ɓarawon dama ba ma'aikaci ba ne da aka yanka wa adadin da zai kawo kullum. In abu ya yi wuya, sau da yawa wucewa yake yi.

Akwai kuma masu ganin maganin ɗaya ne, a kama ɗaya a yi masa dukan da sauran za su ji a jikinsu, tunda rana dubu ta ɓarawo ce, ɗaya ta mai kaya. Wannan shi ne mafi haɗari a cikin duk shawarwarin. A wurin da babura iri ɗaya, launi ɗaya suke jere, mutum ya kama kariyar da ba tasa ba bisa kuskure abu ne na kullum, kuma ihun "ɓarawo" ba ya jiran bayani. A watan Oktoban 2012 a Aluu ta jihar Ribas, taro ya kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a kan zargin sata da ba a tabbatar ba. Ko ta fuskar amfani ma, abin da binciken laifuka ya daɗe yana nunawa shi ne tabbacin za a gan ka ya fi tsananin hukunci hana mutum. In ana neman inda za a matsa, a matsa wa mai saye. Madubi da batir da hula da wayar da aka zare duk suna da inda ake kai su, kuma wanda ya sayi waya a rabin kuɗinta babu kwali babu rasit ya san abin da ya saya. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ke fitowa idan aka danna *#06#. Wanda ya rubuta tasa ya ajiye a gida, ya kuma haddace hanyar rufe asusunsa na banki daga wayar wani, yana da abin da zai kai wa 'yan sanda da banki a sa'ar farko, lokacin da rahoto yake da amfani.